Turancina Yana Cikin Mota

Duk direbobin tashar da Sannu-Sannu suka san shi. Ba ya gudu, ba ya zagi, ko hon ba ya dannawa sai ta kama dole. Abokan aikinsa kan ce idan ka shiga motarsa da ɗanyen ƙwai a aljihu, da ɗan tsako za ka sauka. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge gilashinsa. Tun da ya fara haya bai taɓa ko gogar motar wani ba, kuma babu lungun da bai sani ba a garin.

Matarsa malamar Turanci ce a makarantar firamare, 'yan aji uku take koyarwa. Kowa Malama yake ce mata, har shi, har Inna, mahaifiyarsa da ke zaune tare da su. A motarsa suka haɗu wata ranar da aka tsuge da ruwa, ta shigo da littattafan yara a ƙirji tana kare su da mayafinta, ita kuwa ta jiƙe sharkaf. Ya kai ta har ƙofar gida, ya fito ya riƙe mata lema, ya koma mota ya rasa inda ya sa mukulli, alhali yana hannunsa. Yanzu ga shi tana ɗauke da cikinsu na fari.

Cikin nan ne ya sa ya nemi aikin otal. Babban otal ɗin da ke hanyar filin jirgi yana neman direban da zai riƙa ɗauko baƙi. Aiki ne mai lokacin shiga da lokacin tashi, ga mota mai lafiyayyar kujera, shi kuwa bayansa ya soma yi masa gardama. Abin da ya fi so shi ne ya riƙa dawowa gida da sauran rana, ya ga ɗansa ido biyu.

Ranar da ya dawo daga gwajin farko, tun daga yadda ya ajiye takalmansa Malama ta gane.

"Yaya aka yi, Maigida?"

"Tuƙi dai na ci," in ji shi, ya zube a kujera. "Manajar da bakinta ta ce ba ta taɓa jin birki mai taushin nawa ba. Muna komawa ofis sai ta juya harshe."

"Ba ta jin Hausa ne?"

"Tana ji sarai, da ita muka gaisa. Cewa ta yi baƙin da zan ɗauko ba sa ji. Kalma ɗaya ce ta kashe ni, Malama. Pick up. Na san ta, ai ita muke yi kullum, ɗaukar fasinja. Sai na ji ta sa ta a waya. Ban farfaɗo ba ta sa ta a kayan wanki. Can kuma ta sa ta a mura! Na ce to wannan kalma ce ko dillaliya, kowace rumfa da ita?"

Inna da ke linke kaya a gefe ta ƙyalƙyale da dariya. Malama ta danne tata.

"Sai kuma aka yi yaya?"

"Sai bakina ya mutu. Ta ce in dawo ƙarshen wata. Idan na iya hira da ita, aikin nawa ne. In ban iya ba, akwai masu jira."

Malama ta dafa gwiwarsa. "Kana da malamar Turanci a cikin gida kake wannan fuskar? Gobe za mu fara."

Washegari da la'asar ta jingina ƙaramin allo a jikin firij, ta zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugune, ta ɗauki alli. Tana juyowa muryarta ta canza ba tare da ta sani ba. Muryar aji ce, wadda take ja wa kowace gaɓa wutsiya don na bayan aji su ji.

"Maimaita bayana. A'a, buɗe baki sosai. Kuma!"

Ya maimaita. Ya sake maimaitawa. Gumi ya tsatso masa a goshi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Abin da ta rubuta a sama kafin ta kai ƙasa ya zube masa. Can dai da ƙyar ya haɗa jimla ɗaya daidai, a kan ɗaga waya idan ta yi ƙara.

Daɗi ya kama Malama. "Madalla! Yaro mai ƙoƙari! A tafa masa!"

Inna kuwa ta saki zanen da ke hannunta ta hau tafi da gaske, har da rangaji.

A daidai lokacin Gemu yake tsaye a bakin ƙofa. Direba ne a tasharsu, ya zo mayar da jak ɗin ɗaga mota da ya ara, kuma duk garin babu wanda ya kai shi baki. Ya ajiye jak ɗin a hankali, ya gaishe da Inna cikin ladabi, ya dubi allon, ya dubi ƙaton mutumin da ke tsugune a gabansa, ya fita yana tari.

Da safe Sannu-Sannu yana shiga tasha direbobi suka miƙe tsaye gaba ɗaya. "A tafa masa!" in ji Gemu, tasha ta ɗauki tafi har masu shayi. Wani ya tambaye shi ko ya zo da abincin tara. Wani ya ce idan Malama ta zane shi ya zo ya faɗa musu, za su kai ƙara wajen hedimasta.

Da ya dawo gida bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ɗauki allon ya juya fuskarsa bango.

"Na bar maganar otal," in ji shi.

"Haba Maigida, suɓutar baki ce. Wallahi sabo ne."

"Na sani. Ba ke ba ce. Ni ne kaina ba na karatu ba ne. Da na karatu ne ai da tuni an gani."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Kalmar ƙarshen nan ita ta fi yi mata ciwo, don ta san mutumin da ta aura, ta san abin da ke cikin kansa ya fi abin da ke kan allonta yawa. Kwanaki suka wuce ana gaisawa ana cin abinci, allo yana kallon bango, wata yana ta ƙarewa.

Ranar da za ta je awo shi ya kai ta. Suna tafe shiru, tana kallon hannunsa a kan sitiyari. Don dai ta kashe shirun ta ce, "Ka tuna ranar da na fara yi maka dariya?"

"A gaban shagon mai faci ne," in ji shi, ko dogon tunani bai yi ba. "Ga shi can. Kika ce ina tuƙi kamar mai ɗauke da faranti a ka."

Ta dube shi. "To ranar da na ce ka turo gidanmu?"

"Bayan shataletale, daidai bishiyar nan da ta karkace. Kin faɗa kika rufe fuska. Da muka kai gidan mai kika ce wasa kike, da muka wuce gada kika ce ba wasa ba ne."

"Rigar da ke jikina fa?"

"Shuɗiya. A danja na lura, don a nan ne na samu damar kallon madubi."

Maganganun da ita kanta ta manta, ga su nan a jere a bakin titi, kowace da inda ya ajiye ta. Mutumin nan bai taɓa mantuwa ba. A kan hanya yake ajiyar abubuwansa, ita kuma ta je ta tsugunar da shi a gaban firij.

Da suka fito daga asibiti ba ta shiga gaba ba. Ta buɗe gidan baya ta hakimce, ta ɗora jaka a cinya.

"Lafiya?" in ji shi.

"Ni baƙuwa ce, yanzu na sauka daga jirgi. Ba na jin Hausa."

"Malama, na ce miki na bar..."

"Ban san wata Malama ba. Direba, wa ka zo ɗauka?"

Ya dube ta a madubi. Ta ɗaga gira, ta yi fuskar masu kuɗi, ga ƙaton ciki a gaba. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabonsa da ita tun ranar allo. Ya tayar da mota, ya ce mata da Turanci ya zo ɗaukar ta ne. Jimlar ta fita sumul. Ba ta yaba ba, ba ta tafa ba, taga kawai ta kalla kamar yadda baƙi ke yi.

Daga ranar motar ta zama ajinsu, sai dai babu mai kiran ta aji. Idan ta tashi daga makaranta ya zo ya ɗauke ta, su bi hanya ɗaya. A gaban shagon wanki da guga ta ce masa ta bar rigunanta a nan, ya tsaya ya karɓo mata, kuma da kalmar nan tasa ta faɗa.

"Karɓo abin da aka bari ma ita ce?"

"Ita ce."

"To na ajiye ta a nan," in ji shi, ya nuna shagon da haɓa.

A danja ya ajiye ma'anarta ta ɗaga waya, don a tsarinsa ba ya taɓa waya sai mota tana tsaye. A gaban kemis ya ajiye ta kwasar mura. Ta farfaɗowar ciniki bayan ya yi sanyi kuwa, a bakin kasuwa ya sauke ta. Wadda suka fi yin faɗa a kanta ita ce ta bayan gada, inda titi ke buɗewa, ta ce masa idan mota ta ƙara gudu ma haka ake cewa.

"Wannan ba ta shafe ni ba," in ji shi.

"Ka dai riƙe."

"In riƙe in kai ina? Ki ba Gemu, shi ne mai bukata."

Wata rana da suka biyo ta wata tsohuwar makaranta mai dogon gini da fenti ya kwaile, sai ta ji ya sassauta fiye da yadda ya saba. Ta san makarantar. A nan ya yi karatu har zuwa shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya ajiye jaka ya tafi tasha wankin mota don Inna ta samu na cefane. Bai taɓa ba ta labarin da tsawo ba, ita ma ba ta taɓa matsa masa ba.

Ta matso ta dafa bayan kujerarsa. Wannan karon da muryarta ta gida ta yi magana.

"Akwai saura ɗaya. Idan mutum ya tsaya da wani abu, aka daɗe, sai ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, ita ce dai ake faɗa."

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Yara suna fitowa daga ƙofar makarantar da gudu, jakunkuna na dukan bayansu. Ya daɗe yana kallon su.

"Sake faɗa," in ji shi.

Ta sake. Ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Sannan ya share fuska da tafin hannu.

"Wannan a nan za ta zauna."

Ranar gwaji Malama ta goge masa farar riga har karin hannun yana iya yanka. Inna ta yi masa addu'a ta tofa masa a ka, ta ƙara da cewa idan matar ta cika surutu ya ce mata uwarsa na gaishe ta. Malama ta raka shi, ta zauna a bencin masu jiran bas da ke kallon ƙofar otal ɗin, ta ce ba za ta motsa ba sai ya fito.

Ofishin Manajar sanyi ƙalau, labule a sauke, babu taga ko ɗaya da ke kallon titi. Mace ce mai ɗan shekaru, da tabarau a kan hanci, ba ta ɓata magana. Suka gaisa da Hausa, sannan ta haɗa yatsu a kan teburin gilashi ta juya harshe. Ta ce a ɗauka baƙo ya bar kwat ɗinsa a wajen wanki, ya kira shi a waya, me zai ce masa?

Ya san amsar. Ya rantse ya san ta. Ya buɗe baki, babu komai. Ya nemi shagon wanki da guga a cikin kansa, sai farin bango yake gani da agogo. Kujerar ta yi masa laushi, ƙafarsa ta dama tana lalube a kan kafet ba ta samu totur ba. Manajar ta jira. Ta sake tambaya a hankali. Ta cire tabarau ta ajiye, ya ga alamar tausayi a fuskarta, irin tausayin da ake yi wa mutum kafin a sallame shi.

Sai ya lura da hannayensa. Sun tashi da kansu daga cinyarsa, sun kama sitiyarin da babu shi.

Ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na Turanci, ya ce, "Ranki ya daɗe, Turancina yana cikin mota."

"Mantawa ka yi da shi a can?" ta tambaya, ita ma da Turanci.

"A can yake zaune. Aikin ma a can yake."

Ta dube shi ta saman ido. Sai gefen bakinta ya motsa. Ta ja aljihun tebur ta ɗauko mukullin motar otal ta miƙa masa, ta saɓa jakarta.

Malama na zaune ta ga baƙar mota ta fito daga ƙofa, mijinta a gaba, Manaja a baya. Ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Ta ga ya kunna siginar dama, hanyarsu, hanyar da ya jera komai a kanta. Sai ta ga hannun Manajar ya nuna hagu. Siginar ta mutu, ta hagu ta kama. Malama ta koma ta zauna daɓas, ta dafe ciki da hannu biyu.

A cikin motar shi ma ya dubi gefen titi. Babu shagonsu a wannan hanyar, babu kemis ɗinsu. Amma sitiyari na hannunsa, kujera ta karɓi bayansa, titi yana shigowa ta gilashi yadda ya saba. Ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa. Bayan gidan burodi akwai wani mai wanki da ke shanya a kan waya. Suna kawowa daidai wurin ya ga fararen riguna suna kaɗawa, sai jimlar ta zo da kanta, kamar fasinjan da ya tsayar da shi. Ya ce da Turanci zai ce wa baƙon kada ya damu, zai biya ya karɓo masa kwat ɗin kafin ya zo ɗaukar sa.

Manajar ta gyara zama.

Ashe kowace hanya da mai wankinta, da kemis ɗinta, da kasuwarta. Ta jefo tambaya, ya dubi gefen titi ya ɗauko amsa. Turancin ba mai kyau ba ne can, yana tuntuɓe, wani wurin ya zagaya kamar mai kauce wa rami, amma yana isa inda za shi. Da ta tambaye shi inda ya koya, ya ce rabi a kunne ya tsinta wajen fasinjoji, rabi kuma wata baƙuwa ce da yake ɗauka kullum ta koya masa. Da suka hau gada ta ce ko zai ɗan ƙara gudu, ya ce ya gane abin da ta ce sarai, amma gara baƙo ya makara da shan shayi a kan ya kwana a asibiti. Ta yi dariya har da buga jaka.

Sai wayarsa ta hau ruri a aljihu. Ta yi ta katse, ta sake kamawa.

"Ɗaga mana," in ji Manajar.

"Sai na tsaya, ranki ya daɗe."

"Ni na ba ka izini."

"Ko da izini. Akwai danja a gaba."

Da jar wuta ta tsayar da su ya ciro wayar. Muryar Inna ta cika motar, don ita ba ta yarda waya na kai magana ba sai an taya ta da ihu.

"Kai! An ba ka ko ba a ba ka ba? Tun ɗazu nake zaune kamar a kan ƙaya! Ka gaishe ta kuwa?"

Ya rasa inda zai sa kansa. Manajar ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta koma Hausarta tsaf.

"Inna, ina wuni? Ina amsawa. An ba shi. Ranar Litinin zai fara."

Guɗar da Inna ta rangaɗa sai da mai babur ɗin da ke gefensu ya waiwayo.

Da motar ta dawo bai shiga otal ba sai da ya nemi izini ya tsaya a gaban bencin masu jiran bas. Ya fito, ya zagayo, ya tsaya a gaban matarsa da farar rigarsa da ta jiƙe a baya. Idon Malama ya cika da hawaye.

Manajar ta sauke gilashi. "Wannan ce baƙuwar da kake ɗauka kullum?"

"Ita ce, ranki ya daɗe." Ya faɗa da ƙarfi, yadda duk masu jiran bas za su ji. "Matata ce. Malamar Turanci ce."

Malama ta sa gefen mayafi tana share hawaye, tana dariya, ta rasa wanda za ta fara yi. Shi kuwa ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗan sunkuyo kusa da kunnenta.

"Malama," in ji shi, "yanzu kam a tafa mini."

Ta saki mayafin ta tafa masa, a bakin titi, da rana tsaka, da dukkan ƙarfinta. Wata tsohuwa da ke kan bencin ba ta san abin da ake ciki ba, amma ta ajiye ledarta ta taya ta.